Yadda za ki gane bugun zuciya a jikin mace tun kafin a ce "a bari gari ya waye"

Mace ba ta cika zuwa asibiti ta ce zuciyarta ce ke ciwo ba. Abin da muke ji a ɗakin taimakon gaggawa shi ne, "Olsata ce ta tashi," ko "Tun shekaranjiya jikina ya mutu, ko tsintsiya ba na iya riƙewa." Wani lokacin ma 'yarta ce za ta ari bakinta: "Sista, amai Mama take yi tun la'asar, mun ba ta maganin malariya ya ƙi zama." Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a wannan ɗaki, kuma galibi a hannuna mutum ke fara faɗowa kafin likita ya ƙaraso. Mafi yawan masu irin wannan kuka, da gaske olsar ce ko malariyar. Amma akwai 'yan tsiraru da, ana manna musu wayoyin ECG (na'urar da ke zana aikin zuciya a takarda) a ƙirji takarda ta fito, sai ki ga likita ya ajiye biro ya miƙe tsaye. Kusan dukkansu kuwa sun kwana da ciwon a gida ana jiran safiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato wajen kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya, kuma babu wata cuta da ta fi su kashe mata. Duk da haka a gidajenmu har yau ana ɗaukar bugun zuciya a matsayin ciwon Alhaji mai tumbi, ko na ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa shago.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar ganewa. Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, kuma tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini, manya guda uku kwance a jikinta ta waje. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangon jijiyoyin nan a hankali, mutum bai san ana yi ba. Ranar da kitsen ya tsage, jini sai ya daskare a wurin ya zama guda, ya toshe hanya. Duk wadda ta taɓa leƙa lambun noman rani ta san yadda abin yake: idan aka datse hanyar ruwa, kwamin da ke gaba sai ya fara yaushi, in an buɗe da wuri ya farfaɗo, in an yi jinkiri ya bushe. Tsokar zuciya tana fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30 da yankewar jini, ɓarnar tana ƙaruwa awa bayan awa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama.

Ƙirji tukuna

Akwai maganar da ke yawo cewa wai mata ba sa jin ciwon ƙirji idan zuciyarsu ta buga. Kada ki ɗauka. Ƙirji shi ne wurin da aka fi jin abin, ko ga mace ko ga namiji. Sai dai mace ba ta cika kiransa ciwo ba. Idan na tambayi wata Hajiya, "Ƙirjinki na ciwo?" sai ta ce a'a. Idan na sake cewa, "To me kike ji a nan?" sai ta ce nauyi, ko "kamar an ɗaure ni da igiya," ko "wani abu ne ya tokare min," ko zafi irin na ƙwannafi. Don haka idan mahaifiyarki ko yayarki ce, kada ki yi mata tambayar e ko a'a. Ce mata ta faɗa miki da bakinta, kuma ki kalli hannunta yayin da take bayani. Wadda ta ɗora tafin hannu gaba ɗaya ko ta dunƙule shi a tsakiyar ƙirji ta fi ɗaga min hankali a kan wadda ta nuna wuri guda da ɗan yatsa. Ciwon da ake nunawa da yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa idan an danna wurin ko an juya jiki, ko wanda ke sokar mutum na daƙiƙa biyu ya wuce, galibi na tsoka ne ko na ƙashin haƙarƙari. Na zuciya yakan zauna. Ya wuce 'yan mintuna, ko ya lafa ya dawo, kuma sauya kwanciya ba ya rage shi.

Inda mata suka bambanta shi ne sauran abubuwan da ke rako shi, waɗanda sau da yawa sukan fi na ƙirjin ƙarfi har su danne shi. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga zuciya suna haɗuwa a laka da na hannu da wuya da baya, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan kasa tantance daga ina kukan ya fito. Sai mace ta ji ciwo a muƙamuƙi har ta zaci haƙori ne, ko a maƙogwaro, ko tsakanin allunan kafaɗa, ko a ƙahon zuci. Hannu ma ba dole sai na hagu ba. Yana iya zama na dama, yana iya zama duka biyun, kuma ba lalle ciwo ba, wani lokacin nauyi ne kawai da sagewa.

Sai numfashi. Mace tana zaune ba ta yi aikin komai ba, amma ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja iska. Sai tashin zuciya da amai ba tare da gudawa ba. Sai jiri, ido na rufewa. Sai gumi, kuma a kan gumin nan nake son ki tsaya, domin shi ne alamar da ban taɓa rainawa ba. Ba irin zufar zafin rana ba ce. Sanyi gare ta, tana maƙale a fata, ki taɓa goshin mace ki ji shi jiƙe kuma sanyi ƙalau alhali fanka na juyawa. Fuskarta ta dushe, leɓe ya yi fari ko toka-toka. Matan da ke shekarun ɗaukewar al'ada sun saba da wani zafi da ke taso musu daga ƙirji zuwa fuska ya sa su gumi, amma wancan jiki ne ke ɗaukar zafi, kuma cikin 'yan mintuna yake wucewa. Wannan daban ne.

Akwai kuma wata kalma da in na ji ta daga bakin dattijuwar da ba ta da raki, nakan ajiye duk abin da nake yi: "Ni dai ji nake mutuwa zan yi." Kada ki ce mata ta daina mugun fata. Littattafan likitanci ma sun lissafa wannan fargabar cikin alamomin bugun zuciya.

Gajiyar da ba irin ta kullum ba

Wace mace ce a ƙasar nan ba ta gajiya? Shi ya sa alamar da ta fi zuwa da wuri ita ce wadda aka fi yi wa ko-in-kula. A shekarar 2003 wata ma'aikaciyar jinya mai bincike a Amurka, Jean McSweeney, ta wallafa sakamakon tambayoyin da ta yi wa mata 515 da suka tsira daga bugun zuciya. Kusan kashi 71 cikin 100 sun ce tun fiye da wata guda kafin ranar suka fara jin wata gajiya da ba su saba ji ba. Kashi 48 barcinsu ya lalace, kashi 42 sun fara haki. A ranar da abin ya faru kuwa, kashi 43 cikin 100 ba su ji ciwon ƙirji ba sam.

Hanyar gane wannan gajiyar ita ce ki auna mace da kanta ta watan jiya, ba da wata ba. Wadda ta saba ta share tsakar gida, ta ɗora sanwa, ta tuƙa tuwon mutum goma ba ta zauna ba, yau tana ninke kayan wanki ta koma ta kwanta. Wadda ke zuwa Islamiyya da ƙafa, yanzu sai ta tsaya ta dafa bango a hanya. Wadda ba ta taɓa salla a zaune ba ta fara, kuma ba ciwon gwiwa ne ya sa ba. Idan aka haɗa da nauyin ƙirji ko na muƙamuƙi da ke zuwa lokacin daka, ko hawan bene, ko ɗaukar bokitin ruwa, ko ɓacin rai, ya kuma sauka in an huta minti kaɗan, to jijiyar ta ƙuntata ke nan amma ba ta toshe ba tukuna. Wannan ta ga likita cikin satin nan, kada ta jira. Idan nauyin ya fara zuwa tana zaune ko ya tashe ta daga barci, ko ya fi na da daɗewa, ba maganar sati ba ce kuma, ta yau ce.

Olsa ce ko zuciya?

A nan aka fi yin asara. Ƙasan zuciya yana zaune ne dab da saman ciki, kuma idan jijiyar da ke ciyar da wannan ɓangaren ce ta toshe, abin da mace za ta ji shi ne zafi a ƙahon zuci da gyatsa da amai. Da ma kowa a gidan ya san tana da olsa, sai a aiki yaro kemis ya karɓo farin maganin nan na ruwa.

Mai olsa ta san ciwonta. Ta san yunwa ke tayar da shi ko yaji ko tsami, ta san inda yake tsayawa. Tambayar da za ki yi mata ita ce, "Mama, irin wanda kika saba ne, ko wannan daban yake?" In ta yi jim ta ce daban ne, ki yarda da ita. Sannan ki duba: akwai gumin sanyi? Akwai haki? Ya haura wuya ko baya ko hannu? Yana ƙaruwa in ta tashi ta taka? Olsa ba ta cika zuwa da waɗannan ba. Kuma kada sassaucin da ta ɗan samu bayan ta yi gyatsa ko ta sha maganin olsa ya ruɗe ki, domin ciwon zuciya da kansa yana lafawa ya dawo. Malariya kuwa da zazzaɓi take zuwa. Kasala da amai da gumi a jikin da ba zafi, ban yarda a kira shi malariya ba sai an gwada.

Akwai wata baiwar Allah da aka kawo mana bayan sallar asuba, ta haura hamsin, mai ciwon suga. Ƙamshin man zafi ne ya riga ta shigowa. Tun bayan magariba take cewa bayanta ya riƙe tsakanin kafaɗu, 'ya'yanta suka yi ta murza mata man har dare ya raba, suka yi mata gashi da tsumma da ruwan ɗumi. Hijabinta ya jiƙe sharkaf ya manne mata a wuya. Tana haki, amma abin da take ta nanatawa shi ne mu yi haƙuri an tashe mu a kan ciwon baya. Babbar 'yarta na riƙe da leda cike da magunguna, har da na sanyi. Takardar ECG ta nuna jijiya ta toshe tun daren. Ta rayu, alhamdu lillahi, sai dai tsokar da ta mutu ta mutu. Yanzu ba ta iya barci sai da filo uku.

Ciwon suga ne ya ɓoye mata shi. Idan ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin da ke jin zafi, sai zuciya ta buga ba tare da wani ciwo na a-zo-a-gani ba. Mai suga da ta tsinci kanta cikin haki ko amai ko gumi ba dalili, a gwada sugan, amma a duba zuciyar ma.

Wadda ya kamata a fi saurin zargi

Mata sukan gamu da bugun zuciya na farko shekara 7 zuwa 10 bayan shekarun da maza ke gamuwa da shi, saboda sinadarin estirojin yana ba jijiyoyi wata kariya muddin mace na al'ada. Da al'ada ta ɗauke, kariyar sai ta fara janyewa, kuma wadda tata ta ɗauke kafin shekara 45 ta fi shiga haɗari. Sai mai hawan jini, wato wadda awonta ke kai 140 bisa 90 ko sama, musamman mai shan magani sai ranar da kanta ya yi ciwo. Sai mai suga, wanda ya fi yi wa zuciyar mace illa fiye da ta namiji. Sai wadda mahaifinta ko ɗan'uwanta ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta kafin 65.

Abin da mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba shi ne, tarihin haihuwarsu yana bin su. Wadda jininta ya hau da ciki har ta kumbura, ko ta yi jijjiga, haɗarin ciwon zuciyarta nan gaba ya kai ninki biyu na wadda ba ta yi ba, ko da cikin ya yi shekara 20 da wucewa. Haka wadda suga ya taso mata lokacin goyon ciki. Ki riƙa faɗa wa likita wannan ko bai tambaya ba.

Taba da shisha ba sai an faɗa ba, kuma sun fi muni ga mai shan ƙwayar tazarar haihuwa da ta haura shekara 35. Zan ƙara abu biyu da nake gani a ledojin marasa lafiya kullum: magungunan ciwon gwiwa irin su diclofenac da iyayenmu ke sha kamar gyaɗa wata da watanni, da ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata ke saya don su ciko. Na farko yana ƙara haɗarin bugun zuciya in an daɗe ana sha, na biyun kuma yawanci yana ɗauke da maganin da ke hau da jini da suga. Ƙuruciya ma ba garkuwa ba ce. Akwai nau'in bugun zuciya da bangon jijiyar ke tsagewa da kansa ba tare da kitse ba, kusan duk masu yin sa mata ne, da yawansu ba su kai hamsin ba, wasu ma da ciki ko jego.

Abin yi idan kin yi zargi

Ƙa'idar da nake ba 'yan'uwana ita ce: duk wani nauyi ko ciwo ko zafi sabo, daga muƙamuƙi zuwa cibiya, gaba ko baya, da ya wuce minti 5 bai tafi ba, ko ya zo da gumin sanyi ko haki ko jiri, to a tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne.

Ki zaunar da ita a ƙasa ta jingina da bango, a sa mata filo a baya, ta ɗan lanƙwashe gwiwa. A sassauta ɗaurin zani da rigar nono, a buɗe taga, a rage taro a kanta. Ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi. Mutum ɗaya ya nemo mota tun yanzu. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, a kira, amma in babu tabbacin motar asibiti za ta iso da wuri, a nemi motar maƙwabci ko Adaidaita Sahu, a shigo da ita har ƙofar gida. Kada a ce ta daure ta taka zuwa bakin titi, ɗaukar ta za a yi. Kada a ɗora ta a babur, tana iya suma a hanya. In ke ce mai ciwon kuma ke kaɗai ce a gida, buɗe ƙofa ki bar ta a buɗe, ki kira wani, kada ki tuƙa kanki.

Idan akwai asfirin, ta tauna milgiram 300, wato babba guda ɗaya, ko ƙananan nan na 75 guda huɗu. Taunawa za ta yi, ya fi saurin shiga jini. Yana hana gudan jinin ƙara girma. Ba a ba wadda jikinta ba ya karɓar asfirin, ko wadda olsarta ke zubar da jini har tana aman jini ko baƙin bayan gida, ko wadda likita ya hana, kuma mai ciki a bar wa likita ya yanke. Idan baki ne ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, ba a ba da asfirin, asibiti kawai. Wadda da ma likita ya rubuta mata maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe, ta sa shi tana zaune. Kada a aro na wani. Mai azumi ta karya, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Kada a ɗura mata ruwa ko madara ko zuma ko man zaitun, amai zai sa ta, in ta suma kuma ya wuce huhu. Kada a sheƙa mata ruwan sanyi, kada a turara mata hayaƙi alhali iska take nema. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp cewa wai a yi ta tari da ƙarfi, ko a soka allura a yatsu, ba ya buɗe jijiya. Addu'a kuwa a yi ta sosai, amma a cikin mota.

Sai batun izini. Na ga matan da suka zauna da ciwo saboda maigida ya yi tafiya kuma wayarsa ba ta shiga. Wannan magana da rana tsaka ake yin ta, lokacin da kowa ke lafiya. Maigida, ka faɗa wa iyalinka a fili, a gaban yara manya, cewa in irin haka ta taso a tafi asibiti a neme ka daga baya. A san wanda za a buga wa ƙofa, a san inda ɗan kuɗin ko-ta-kwana yake.

A asibiti

A nufi asibiti mafi kusa da ke da na'urar ECG da likita a kan aiki dare da rana, ba kemis ba, ba ɗakin shan magani na unguwa ba. Yana da kyau ki san wannan asibitin tun yau. Da kun shiga kada ki fara da tarihin olsa. Ki ce, "Ƙirjinta ya yi nauyi tun ƙarfe kaza, tana gumi tana haki, muna tsoron zuciya ce, a taimaka a yi mata ECG." Ƙa'idar aiki ita ce a yi gwajin cikin minti 10 da isowa. Ba ya ciwo, ba ya daɗewa, sai dai dole a buɗe ƙirji a manna wayoyin, wasu a ƙarƙashin nono. Za ki iya neman mace ta yi mata, in babu kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce ki furta kalmar zuciya da bakinki ne saboda mu ma ma'aikata mutane ne, kuma kunnenmu ya saba da olsa. Ba a nan kaɗai ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila sun duba bayanan masu bugun zuciya kusan 600,000, suka gano cewa yiwuwar a fara yi wa mace kuskuren gano cutar ta ɗara ta namiji da kashi 50 cikin 100.

ECG na farko yana iya fitowa lafiya alhali akwai matsala, don haka akan maimaita. Akwai kuma gwajin jini mai suna tiroponin, wanda ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni. Yakan ɗauki 'yan awanni kafin ya hau, shi ya sa ake sake ɗiba. In an ce ku jira a maimaita, ku jira, kada ku ce ai ta ji sauƙi. Idan ta tabbata jijiya ta toshe, ana yin allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi aiki a awa 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 kuma galibi ba a ma yin ta. A manyan cibiyoyi kuma ana zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin. Ku zo da duk magungunan da take sha a ledarsu.

Idan ta faɗi ba ta numfashi

Ki girgiza kafaɗarta ki kira sunanta. In ba ta amsa ba, kuma ba ta numfashi ko tana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, zuciyar ta tsaya. A kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ki durƙusa, ki ɗora gindin tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinta, ɗayan a kansa, ki miƙe gwiwar hannu, ki danna da nauyin jikinki ƙirjin ya shiga santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada ki tsaya, in kin gaji wata ta karɓa, har a miƙa ta hannun ma'aikata. Haƙarƙari na iya karyewa, yana warkewa. A Amurka ma an ƙirga an ga kashi 39 cikin 100 na matan da suka faɗi a bainar jama'a ne suka samu mai danna musu ƙirji, maza kuwa 45, saboda mutane na jin nauyin taɓa mace. Ki ƙiyasta yadda abin zai kasance a wajenmu. Shi ya sa nake ganin kowace makarantar Islamiyya ta matan aure ya kamata ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ta koya musu wannan a aikace.

Mai jego da mai takaba

Waɗannan biyun ba koyaushe jijiya ce ke toshe musu ba, amma zuciyar ce, kuma uzuri iri ɗaya ake yi musu.

Akwai raunin zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wajen wata 5 bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, inda a wasu asibitocin ya kai kusan 1 cikin haihuwa 100. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan, ciki har da na Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, ya ƙara haska wasu dalilan, kamar hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Alamarsa haki, kumburin ƙafa da ya ƙi saɓewa, tari da dare, da kasa kwanciya sai a jingine. Kada a ce jego ne bai karɓe ta ba, a ƙara mata ruwan zafi. A dakatar da kanwa, domin gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, a kai ta a yi hoton zuciya.

Ita kuma wadda aka yi wa rasuwa, ana zaman makoki ta dafe ƙirji tana haki, sai a ce zafin mutuwa ne, a yi ta ba ta baki. Likitocin Japan ne suka fara bayyana wani ciwo a 1990, suka kira shi takotsubo, inda firgici ko baƙin ciki mai tsanani ke sa tsokar zuciya ta saki farat ɗaya. Wajen 9 cikin 10 na masu yin sa mata ne, yawanci waɗanda al'adarsu ta ɗauke. Yawancinsu suna warkewa cikin makonni, amma yana iya kisa a kwanakin farko, kuma ba a iya bambance shi da toshewar jijiya sai da gwaji. Bugun zuciya na ainihi ma haɗarinsa yana hawa sosai a ranakun farko bayan rashi, ga shi a irin wannan lokacin ne ake manta shan maganin hawan jini da na suga. Cikin masu zaman makoki a samu mutum ɗaya da aikinta shi ne ta tabbatar an sha magani a kan lokaci. Idan kuma ƙirji ya riƙe, takaba ba ta hana zuwa asibiti, malamai sun halatta fita don lalura. A sa mata hijabinta a tafi.